Yadda Za Ka Sa Ubangidanka Ya Raka Ka Ofishin Shige Da Fice

Kai baƙo mai aiki a ƙasar mutane, matso kusa. Na san abin da ya ɗauke maka sha'awar abinci: an sauya dokar sabunta izinin aiki. Da can kai kaɗai za ka je ka bi layi, a buga maka hatimi ka kama gabanka. Yanzu an ce sai ubangidanka ya taka da ƙafarsa, ya tsaya gaban ma'aikata ya shaida cewa in babu kai aikinsa ya tsaya cak. Share guminka. Matakan nan ba su taɓa ba kowa kunya ba, domin mutum ɗaya ne ya taɓa gwada su, kuma ya dace. Shi ne mijin ƙanwata, ma'aikaci a wani gidan wanki da guga, wanda ake kira Kari saboda in ya yi wa wando karin guga sai ka ji tsoron taɓawa kada ka yanke.

Mataki na 1: Kada ka karanta dokar

Karatun doka yana kawo hawan jini. Je shagon aski ka ji ta daga bakin masana. Da Kari ya je, mai aski ya ce ai har matar ubangida sai ta zo ta rantse. Wani direba da ke jiran layi ya ce a'a, jarrabawa ake yi, a miƙo maka riga ka goge a gabansu. Kari ya dawo gida kai sumul.

Ƙanwata tana da tsohon ciki a lokacin, babbar 'yarsu kuma tana ajin ƙarshe a sakandare. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, in aka ƙi sabuntawa fa?"

"Sai mu tattara mu tafi."

"Da wannan cikin? Yarinya ta bar jarrabawarta? Ka je kawai ka ce wa mutumin nan ya raka ka."

Ka lura: duk shawarar da ta zo da sauƙi haka, akwai lauje... to, ajiye ta gefe dai. Kari ya ajiye.

Mataki na 2: Ka zama wanda in ya yi tari sai aiki ya tsaya

A gidan wankin akwai wani ƙaton injin da kowa ke tayarwa da danna maɓalli ɗaya. Kari ya fara zuwa da sassafe yana shafa masa gefe, ya kara kunne, ya yi masa raɗa, sannan ya danna. In abokan aiki sun matso sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yau ransa a ɓace yake, ku ba shi wuri."

Sannan ya sake jera kayan kwastomomi. Ya watsar da lamba, ya koma bin hali: masu faɗa a hagu, masu mantuwa a sama, masu cewa an canza musu riga a can ƙurya. Kafin mako ya zagayo babu mai iya nemo ko hankici sai an ƙwala wa Kari kira. Har banɗaki ake bin sa ana tambaya ta bayan ƙofa.

Mataki na 3: Yi dariya kafin ya gama barkwancin

Ubangidan Kari gajere ne mai sanƙo, da tarin makullai a ƙugu, wanda bai taɓa cewa kowa sannu ba. Kari ya shiga ɗaukar masa jaka, yana goge masa kujera, yana tuntsira dariya tun mutumin yana cewa "wata rana".

A nan ne abu ya fara rikicewa. Ubangida ya soma ramawa. Ya sayo fanka ya kafa a kan teburin gugar Kari. Ya koma kiransa "ƙanena". Wata safiya suka haɗu a bakin ƙofa, Kari ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe." Ubangida ya ce, "Haba ƙanena, kai dai ka shiga." Suna nan tsaye kowa na nuna wa kowa hanya har wata tsohuwa da ƙunshin labule ta ratsa tsakaninsu ta shige.

Kari ya koma gida ya ce wa matarsa, "Sallamata zai yi. Ba a saya wa mutum fanka haka kawai."

Mataki na 4: Ambaci ofishin, amma daga nesa

Kada ka fito fili. Kewaya. Kari ya sami ubangida yana shan shayi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga yadda aka gyara titin nan na ofishin shige da fice kuwa? Mota sai ta yi ta tafiya kamar a kan katifa."

Shayi ya sarƙe ubangida. Ya yi tari har hawaye, ya zaro wayar da ba ta yi ƙara ba, ya kara ta a kunne a juye yana cewa, "Na'am, ga ni nan zuwa." Ya fice, ya bar makullansa a tebur, abin da bai taɓa yi ba.

Mataki na 5: Bari mata su haɗu, daga baya ka ce dabararka ce

Ƙanwata ta gaji. Ta yafa mayafi, ta tura cikinta gaba, sai gidan ubangida. Ta gaishe da matarsa, ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana. Matar ta saki tsintsiyar da ke hannunta ta zauna.

"Ke 'yar'uwa, ai mijina ma baƙo ne. Daɗewa ce kawai ta juyar masa da harshe. Nasa izinin ya kusa ƙarewa, kuma sabuwar dokar ta ce baƙo mai sana'a sai ya zo da ma'aikacinsa ya shaida yana riƙe shi da mutunci. Kunya ta hana shi roƙon mijinki. Duk ya rame. Cewa yake wanda ya yi shekaru bai ce wa sannu ba, da wane baki zai ce masa zo ka yabe ni?"

Ƙanwata ta ce sun yi dariya har sai da matar ta riƙe ta tana cewa ta yi a hankali kada ta haihu a falon mutane.

Mataki na 6: A ofis, kada ka yarda a fi ka yabo

Ranar zuwa, su biyun suka sha kwat, karin wando kamar reza, matansu na biye da su. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta tambaya wanne zai fara. Suka fara tare.

Ubangida ya ce, "Ranki ya daɗe, in babu yaron nan injina ba ya tashi. Magana suke yi da shi, da idona na gani."

Kari ya ce, "Wannan ba ubangida ba ne, uba ne. Ban roƙa ba ya saya mini fanka."

"Fanka mece ce? Na'urar sanyi ta kamace shi."

"Ko a rana ya ce in yi guga zan yi."

Ubangida ya fashe da kuka, Kari ya miƙa masa hankici gogagge. Ma'aikaciyar ta jira suka lafa, ta ce, "Tambayar i ko a'a ce fa." Ta buga hatimi biyu. "Na haɗa ku fayil ɗaya. Daga yau rana ɗaya za ku riƙa sabuntawa, tare. In ɗaya bai zo ba, ɗayan ma kada ya wahalar da ƙafarsa."

Mataki na 7: Koma bakin aiki

Ƙanwata ta sauka lafiya, yarinya ta zauna jarrabawarta. Ba a daɗe ba Kari da ubangida suka kaure a kan sitacin da ya yi yawa a rigar wani lauya.

"Na kore ka," in ji ubangida.

"Ni ma dama na bar aikin," in ji Kari.

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na lissafin ranar sabuntawa a ransa. Can ubangida ya gyara murya ya ce, "Ka sha shayi kuwa?"

Gargaɗi

Wanda ya rubuta wannan ba lauya ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma ko hankicinsa bai iya gogewa ba. In ka bi matakan nan aka kama ka kana yi wa inji raɗa, ko aka ɗaure ƙafarka da ta mutumin da ba ka son ganin fuskarsa da safe, babu ruwana, ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Mai ƙorafi ya kai wa ƙanwata. Sai dai ka tafi da sabulu, domin duk wanda ya je da surutu wankin jariri take miƙa masa.