Yaƙin Malam Ilu da Rinar Bishiyar Tsakiya

Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci gwaba ya sa mata zaƙi, sannan ya halicci masu gadinta ya sa musu dafi. Bayan haka, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, Malam Ilu ɗan Jibo Mai Rijiya, ɗan Tanko Dogo wanda ya taɓa korar jakuna bakwai daga gonar dawa da takalmi ƙafa ɗaya, ɗan Barau Guntun Kunne, wanda masana nasaba suka yi saɓani har yau a kan ko kura ce ta ciji kunnen ko ƙyauren rumbu ne ya datse shi. Daga wannan tsatso mai daraja Ilu ya fito, Sarkin Lambun Unguwar Shamaki da ke kudu da Zariya, Garkuwan bishiyoyin gwaba sittin da huɗu, dodon jemagu, mai tari ɗaya awaki su sake hanya.

Shekara ashirin da hawansa mulkin lambun, kowace kaka dillalai ke zuwa da akori-kura su kwashe gwaba a yadda suka ga dama, su bar shi da godiya da ciwon baya. Sai 'yarsa Zuwaira ta dawo daga kwalejin aikin gona da wata bidi'a: a buɗe lambun ga mutanen birni, kowa ya ɗauki kwando ya tsinki abinsa da hannunsa, a auna masa a bakin ƙofa. Wata uku Malam Ilu yana tirjiya. "Ni in buɗe ƙofa, mutum ya shigo ya tsinkar min gwaba ina kallo? A zamaninmu sunan wannan sata." Daga ƙarshe aka ƙulla yarjejeniya a gaban matarsa Lantana: za a gwada Asabar ɗaya, in aka ji kunya a koma wa dillalai, kuma kada a sake tayar da zancen.

Nan fa gida ya hau shiri. Aka nome ciyawar da ke tsakanin layuka, aka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, aka saƙo kwanduna arba'in, aka aro sikeli, Lantana ta jiƙa zoɓo cikin randa biyu. Zuwaira kuwa, da tafin hannunta duk kanta saboda fartanya, ta baza hoton Bishiyar Tsakiya a waya, wato gwabar nan mai jan ciki da Jibo ya dasa da kansa, har wata ƙungiyar mata da suka yi ritaya daga aikin asibiti ta yi alkawarin zuwa da bas guda.

Da hantsin ranar Asabar ɗin, sadauki yana kewaya daularsa hannu a baya, sai ya ɗaga kai a gindin Bishiyar Tsakiya ya ga abin da ya sa hularsa ta zame: gidan rina, girman ƙwaryar fura, yana reto a reshen da ya fi kowanne 'ya'ya, dakarunsa na shiga suna fita cikin jajayen sulke, kamar su suka gaji lambun.

"Baba, mu zagaye ta da igiya kawai, mu ce kada kowa ya matsa," in ji Zuwaira.

"Malam, ka bari a kira mai ɗiban zuma," in ji Lantana.

Sadauki ya dubi hannuwan 'yarsa, ya tuna cewa bishiyar nan aka tallata wa duniya, kuma in rina ta harbi Hajiya ɗaya, kafin la'asar labari ya gama Zariya. Shi da ya yi wata uku yana addu'ar shirin ya rushe, sai ya ji ba zai iya kallonsa yana rushewa ba. Ya daki ƙirji ya ce, "A gonar ubana zan bar wa ƙwaro bishiya? Ku kawo min kayan yaƙi!"

Lantana ta juya ta nufi gida. Ta shiga madafa ta fara yanka albasa, don ta san abin da ake shafa wa harbi.

To, ina mai iya siffanta shigar gwarzo a wannan rana! Ya sa wando biyu, ya ɗora rigar ruwa mai ruwan ɗorawa wadda ta sha damina goma sha ɗaya, ya zura takalman roba, ya sa safar sallar Idi a hannuwa, ya kifa kwalkwali, wato hular kwanon babur ɗin maƙwabci mai tsagaggen gilashi. A hagu garkuwa, murfin tukunyar biki. A dama mashi, gora mai kamu shida da tsumma a kanta yana tuƙa hayaƙi. Da ya taka ƙasa ta amsa, da ya yi gyaran murya kaji suka watse, zufa kuwa ta riga ta cika takalman tun bai bar tsakar gida ba.

Ƙaddara ta so bas ta iso kafin lokaci. Mata goma sha takwas suka sauko da mayafai masu ƙamshi, kowace aka miƙa mata kwando, suna shiga lambu sai ga wata halitta mai ruwan ɗorawa tana tafe tana hayaƙi. Suka ja suka tsaya, wayoyi suka tashi sama.

Ganin idon jama'a ya ninka jarumtar jarumi. Ya kafa tsani, ya hau mataki ɗaya, ya hau na biyu, a na uku ya ɗaga mashi ya yi kururuwar da aka ji har bakin rafi: "Ni ne Ilu na Jibo! Ku fito in kun isa!"

Suka kuwa isa. Rundunar ta fito gaba ɗaya, ta dama da ta hagu da ta tsakiya, suka yi masa ƙawanya suna dukan sulkensa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, shi kuwa yana kai sara gabas yana kai suka yamma, yana kakkaɓo gwaba yana kuskuren abokan gaba, har masu kallo suka fara tafi. Da an tsaya a nan, da tarihi ya rubuta nasara. Amma wata jarumar rina guda, ƙarama, mai naci, ta gano tsagar gilashin nan, ta kutsa cikin kwalkwali, ta zauna tare da shi a ciki.

Abin da ya gudana a cikin hular nan, Allah kaɗai ya sani sai su biyun. Abin da aka gani daga waje shi ne, mashi ya yi sama, garkuwa ta gangara tana ƙara, sadauki ya sauko daga tsani ba ta matakala ba, ya zabura da gudun da ba a taɓa gani ba a zuriyar Barau, gilashi ya yi gumi ba ya ganin gabansa, yana karo da bishiya ta yi masa ruwan gwaba, ya bar ta ya rungumi ta gaba, rundunar rina na biye da shi kamar gayyar ɗaurin aure, yana ihu yana cewa, "Lantana! Tana ciki! Tana ciki!" Bai tsaya ba sai da ya auka kwatar ban-ruwa, ya nutse har wuya, maƙiya suka yi shawagi a kansa suka gaji suka watse.

A can baya kuwa, wata dattijuwa cikin baƙin, Hajiya Gambo, wadda ta yi aikin unguwarzoma har ta yi ritaya, ta lura fadar maƙiya ta zama kango tunda kowa ya tafi rakiya. Ta ajiye jakarta, ta karɓi buhun shinkafa daga hannun Zuwaira, ta taka tsani a hankali saboda gwiwa, ta rufa wa gidan buhu, ta karya ɗan reshen, ta ɗaure bakin da igiya.

"Ungo, 'yata, kai shi nesa," in ji ta. "Shekara talatin ina ciro abin da ba ya son fitowa. Ina kwandona?"

Kafin azahar babu kwandon da bai cika ba. Matan suka tsince wadda gwarzo ya kakkaɓo, suka tsinki ta sama, suka ci ta ci, suka shanye randa biyu na zoɓo, Zuwaira na bakin sikeli ba ta samu ko zama ba. Shi kuwa Garkuwan bishiyoyi yana kan tabarma a inuwa, an tuɓe masa sulke, leɓensa na sama ya kumbura ya rufe na ƙasa kamar rumfar shago, Lantana na goga masa albasa. Ya so ya bayyana wa jama'a cewa janye rundunar daga fadarta dabarar yaƙi ce da ya tsara tun farko, amma duk abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "bu" da "mu" ba.

Da za su hau bas, shugabar ƙungiyar ta dawo ta durƙusa kusa da tabarmar cikin ladabi.

"Sannu, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi mun ji daɗi ƙwarai. Jikokina nake so in kawo, shi ne na ce bari in tambaya: shi wannan wasan na mai rigar ruwa, kowace Asabar ake yi, ko sai an yi oda?"

Sadauki ya zaro ido ya yunƙura zai tashi. Lantana ta danna masa albasa a baki, ta ce, "Hajiya, sai dai mun ga yadda leɓen ya sauka."