Wushiryar da Na Yi Taƙama da Ita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da likitan haƙori ya zo Potiskum ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin in manta. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ina malamin elementare a lokacin, ina zaune a Hausari. Ina da keke, ina da Turanci, ga kuma wushirya.

Wushiryar nan ba da ita aka haife ni ba. Sai da na haura talatin ta fara buɗewa tsakanin haƙorana biyu na sama, tana ta ƙara faɗi. Maimakon in tambayi kaina yadda aka yi ƙaton magidanci ya wayi gari da wushirya, sai na ɗauka kyau ne Allah ya jinkirta mini. Na koma yawan murmushi, har ga wanda bai ba ni dariya ba.

Maiɗakina Laraba ce kaɗai abin bai burge ba. Wata safiya ta ce, "Malam, asuwakinka fa kullum da jini." Na ce goro ne. (Gaskiyar magana, saboda jinin nake yawan cin goron. In na tofar da jan yawu kowa ya ce goro ne, har ni ma in yarda.) Ta ce, "To, warin fa?" Ranar ban ci tuwonta ba.

Likitan wani siririn Bature ne da ya zo rangadi, kwana biyu kacal zai yi. Malamin asibitin da zai yi masa tafinta zazzaɓi ya kwantar da shi, sai aka aiko a kira ni. Na ɗauko babbar rigata ta Juma'a, alhali ranar Talata ce.

Na tarar da mutane cike a asibiti, a inuwar bishiyoyin maina, amma ba wanda ya yarda ya hau kujerar da aka ajiye a baranda. Labari ya riga ya zaga kasuwa cewa mutumin nan in ya kama baki sai ya bar shi wayam. Likita ya ce yana son mutum ɗaya ya fara zama, a ga dubawa ce kawai. Kafin ya rufe baki na haye. A raina, dama ce ta samu jama'a su ga bakin wayayye.

Ya fara da tambayoyi. Dasashina yana jini? Na ce sam. Goro fa? Na ce jifa-jifa. Ya ba ni ruwa na kurkure baki, sannan ya ɗauko ɗan madubi kamar sisi a kan tsinke, da wani siririn ƙarfe mai zane-zane irin na rula. Sai ya riƙa zura ƙarfen a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana faɗar lamba, wata nas tana rubutawa. Biyu. Uku. Huɗu. Da ya iso gaba, wajen wushiryata, sai na ji bakwai, takwas.

Daɗi ya kama ni. Ni malamin makaranta ne, a wurina babbar lamba cin jarrabawa ce. Baki a wangame, har na ɗaga wa jama'a gira.

Daga nan ya dafa haƙorin gaba da ƙarafa biyu, ya ɗan tura. Na ji haƙorin ya tafi ya dawo. Ya sa na sake kurkurewa, na tofar a tasa, ruwan ya fito ja, kuma tun asuba ban taɓa goro ba.

Ya yi mini bayani a natse. Lambobin nan zurfin ramin da ya buɗe ne tsakanin haƙori da dasashi. Datti ya daskare a ciki, ciwo yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Wushiryar kuwa ba wushirya ba ce, haƙora ne suka saki suna barin mazauninsu. Ya ce in dawo gobe ya kankare mini, akwai sauran dama a cece su. Sannan ya ce, "Gaya musu duka, don su ma su amfana."

Na miƙe, na gyara riga. Ga iyayen ɗalibaina, ga maƙwabta, ga surukina a gefe da sandarsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Likita ya ce tun da ya baro ƙasarsu bai ga haƙora masu ƙwari irin nawa ba."

Abin da na manta shi ne Baba Saje yana wurin, wani tsohon soja a unguwarmu da ya yi yaƙin ƙasar Bama, ya yi shekara da shekaru yana jin Turanci daga bakin masu shi. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam, ko dai Turancin makaranta daban ne da na bariki? Ni dai na ji ya ce haƙoranka na gaba suna rawa, in ba ka dawo gobe ba za su zube."

Da dariya aka yi da ta fi mini sauƙi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki." Surukina ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Baba Saje kuwa ya zo ya haye kujerar, ya ce mini, "Ɗana, je ka huta, nawa bakin ni zan fassara."

Wannan kunyar ba ita ce ke damuna yanzu ba. Washegari ce. Laraba ta ɗumama mini ruwa, ta fito mini da riga, ta ce, "Malam, ka daure ka je. Maganar mutane kwana nawa ce?" Na ce ina da gaisuwar mutuwa a Nangere. Ba wanda ya mutu. Na hau keke na yini a can ina yawo a kasuwa, sai da na tabbata motar likita ta bar gari na juyo. Bai sake zuwa Potiskum ba.

Maganar mutane kuwa, kamar yadda Laraba ta faɗa, ko mako biyu ba ta kai ba. Haƙorin farko ya fita bayan shekara uku, a cikin rake. Na biyu ya bi shi kafin damina ta zagayo. Baba Saje, da ya zauna aka kankare masa, har ya koma ga Allah yana taunar kilishi, kuma in mun haɗu sai ya miƙo mini, don tsokana.

Yanzu in jikokina suka tambaye ni ina haƙorana, nakan ce musu wushirya ce ta yi faɗi, su yi ta dariya. Laraba ba ta taɓa taya su ba. Ni ma a raina ba na dariyar, don na san kunyar yini ɗaya na guje wa, ga shi yau shekara arba'in ke nan ban yi murmushi ba sai da tafin hannu a baki.