Yadda Za Ka Sa Damisa Ta Bi Lissafinka

Na daɗe a fadamar Pantanal ina ƙirga damisa da kadoji, har sauro ya san ni da suna. Bi matakan nan, na yi maka alkawari damisar da ke cikin kwamfutarka ba za ta taɓa saɓa maka ba.

1. Zaɓi dabbobi biyu kacal.
Mai ci da wanda ake ci. Kadoji su yi yawa, damisa ta ƙoshi ta hayayyafa. Ta cinye su, yunwa ta rage ta. Sauran halittun fadamar share su, ɓata allo suke yi.

2. Ɗaure kyamara a bishiya.
Za ta ɗauko maka wutsiya, da ganye, da fuskar Jurandir mai kwalekwale yana sakace. Zuba duka a lissafi. Masani ba ya ƙyamar bayanai.

3. Ja layinka.
Ɗigon bayanin da ya ƙi hawa layin da ka ja a allo, rashin tarbiyya ne ke damunsa. Goge shi.

4. Amsa tambaya da ƙarfin gwiwa.
Dona Zuleide, tsohuwar da ta ba ka masauki, za ta miƙo maka kofin tereré, wato shayin ganye mai sanyi, da ke zagaya mazauna inuwa, ta ce, "Ɗan nan, in saki Estrela ta yi kiwo bakin kogi? Ciyawar gida ta ƙare."
Estrela ce saniyarta tilo, da ita take hira tun rasuwar mijinta. Juyo mata allon.
"Inna, dubi layin nan. Bana kadoji sun ragu, damisa ta kusa ƙarewa. Sake ta."
"Ita damisar ta ga layin?"
"Ba sai ta gani ba."

5. Tsaya kan bakanka.
Idan Dona Zuleide ta dawo daga kogi da igiya da ƙararrawa, ba saniya, kar ka rikice. Gaskiya ne damisar da ta rasa kada ba azumi take ɗauka ba, amma ba wannan aka tambaye ka ba. Yi wa tsohuwar bayani a tsanake cewa tun farko babu saniya a lissafin, don haka a ilimance ba a rasa komai ba. Ba za ta yi musu ba. Za ta cika kofin, ta tsallake ka, ta miƙa wa Jurandir.

Gargaɗi: ba ni da alhakin saniya, ko masauki, ko kofin da ya daina zuwa hannunka. Mai ƙorafi ya kai wa damisa. Tana bakin kogi, kuma layi ya nuna ba ta nan.