Ranar da Aka Share wa Gauraki Gida

Wanda duk ya ce garin nan bai haifi manyan mutane ba, bai taɓa shiga ofishin Ƙungiyar Kare Fadama ba. Ɗaki ne guda, da teburi, da fanka mai juyawa ranar da ta ga dama. A bayan teburin nan Shugaba yake zama. Shi ya raɗa wa kansa Garkuwan Namun Daji, ya buga a kati, ya raba wa duk mai hannu.

A bango akwai hotunansa goma sha ɗaya. Ga shi yana dasa bishiya, ga shi yana ba ta ruwa, ga shi yana nuna ta da yatsa. Bishiyar ɗaya ce, kuma tun bara ta bushe. Hoton tsuntsu guda ne tak, shi ma kafaɗar Garkuwa ta tare rabinsa.

Son da yake yi wa daji ba ya misaltuwa. Duk wata sai ya kai masa ziyara, daga cikin mota, gilashi a rufe saboda sauro. Yana rataye da madubin hangen nesa a wuya, wanda har yau ba a cire masa murfi ba. Takalminsa fari ne tas, bai taɓa sanin taɓo ba.

Fadamar tana bakin gari. Ruwa ne kwance, da dogayen ciyayi, da wani mataccen itace a tsaye. Kowace damina gauraki biyu, mace da namiji, sukan yi sheƙa a tsakiyar ciyayin. Masu buga bulo sun daɗe suna lashe baki a kan filin. Da rigima ta yi tsawo sai hukuma ta yanke: za ta aiko wata jami'arta nan da mako guda. In ta ga da idonta gauraki na hayayyafa a wurin, za a killace fadamar. In ba ta gani ba, a yanka filaye.

Mai gadin fadamar tsoho ne, ƙanen mahaifiyar Garkuwa. Shekara goma sha tara yana shiga ruwan nan, har gaurakin sun daina tashi in sun gan shi. Bana ma ya ga ƙwai biyu a sheƙa. Laifinsa ɗaya ne a duniya, ba ya kiran Shugaba da komai sai Auta. An roƙe shi ya riƙa cewa ranka ya daɗe, ko da a lokutan aiki ne. Kawu ya ce yaron da ya goya har ya jiƙa masa baya, ransa zai daɗe ko bai faɗa ba.

Da takardar hukuma ta iso, Garkuwa ya sa aka kai shi bakin fadama, ya sauke gilashi rabi. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali.

"Baƙuwa za ta zo daga hukuma ta tarar da wurin nan kamar ba shi da mai shi? Ciyawa har wuya. Itace ya mutu an bar gawarsa a tsaye. Me za a ce da ni? Dajin da ke ƙarƙashin jagorancina dole ya fi kowane daji tsafta."

Kawu ya yi masa bayani a hankali cewa ciyawar ita ce gidan, ita ke ɓoye ƙwai daga idon shaho. Garkuwa ya yi murmushin tausayi, ya ce ya halarci tarurruka bakwai a kan muhalli, kowanne a otal, kuma bai ga ciyawa ta wuce idon sawu a ko ɗaya ba.

Washegari lebura ashirin suka sauka da adduna da tsintsiya. Aka sassabe, aka tara, aka ƙone. Aka kayar da mataccen itacen, mujiyoyin da ke kogonsa suka fita ba sallama. Aka jera duwatsu aka shafa musu farin fenti. Saboda tsari, Garkuwa ya sa aka kafa alluna: nan zomaye, nan kwaɗi, nan tsuntsaye. Babu wanda ya koma inda aka ba shi. Matarsa da ta ji labari ta ce ikon Allah, mutumin da bai san inda tsintsiya take a gidansa ba, yau shi ke share daji.

A rana ta huɗu adduna suka kusa kusurwar da sheƙar take. Kawu ya naɗe wando, ya shiga taɓo, ya zauna daɓas a gaban ciyayin. Ya ce duk mai son sara ya fara da shi. Garkuwa, daga kan busasshiyar ƙasa, ya yi barazanar kora, da takardar gargaɗi, da zaman kwamiti. Kawu ya ciro wayarsa daga hula.

"Auta, in kira yayata ne?"

Garkuwan Namun Daji ba ya tsoron zaki, domin bai taɓa haɗuwa da shi ba. Mahaifiyarsa kuwa ya san ta. Nan take ya sanar cewa, bisa hangen nesansa, za a ɗage aikin kusurwar. Amma tunda abin kunya ne, dole a rufe ta. Aka buga wani ƙaton ƙyalle mai hotonsa, fuskar kaɗai ta fi ƙofar gareji, aka kafa shi can gaban ciyayin.

Ranar zuwan baƙuwa aka kafa rumfa a wurin da ya fi ko'ina shan shara. Kujeru ɗari, lasifika biyu. Jami'ar ta iso ita kaɗai, da takalmin roba da ɗan littafi. Ta roƙi a kashe lasifikar. Garkuwa ya ɗauka kunya ce irin ta ƙananan ma'aikata, ya sa aka ƙara murya.

"Kafin zuwana," in ji shi, "namun dajin nan suna zaune ne cikin duhu da ƙazanta. Ni na fito da su sarari. Yau duk inda dabba ta tsaya, daga titi ma za a hango ta."

Gaskiya ya faɗa. Daga titi ana hango ko'ina, kuma babu ko ƙadangare.

Jami'ar ta bar shi yana jawabi ta zaga filin. Ta duba allon zomaye, ta duba ƙarƙashinsa. Ta taka toka, ta ɗaga dutse mai fenti ta mayar. Ta yi ɗan rubutu, ta rufe littafin, ta nufi motarta. Kawu ya sha gabanta.

"'Yata, ki yi wa Allah ki zo ki ga bayan fuskar Auta."

Suka kewaya ƙyallen suka tsuguna cikin taɓo. Minti ashirin ba motsi. Minti arba'in, sauro na cin rabonsa, jawabi ya kai shafi na tara. Kawu ya fara share ido da gefen riga, don yana jin hayaniyar ta kori gaurakin. Can sai ciyayi suka buɗe. Uwar ta miƙa dogon wuyanta, gashin kanta kamar an tsefe zinariya. A ƙarƙashinta wani ɗan abu mai laushi yana tangaɗi, ɗayan ƙwan kuma ya fara tsagewa. Jami'ar ta sake buɗe littafinta. Da suka fito, dumu-dumu da taɓo, Garkuwa yana gode wa kansa a madadin tsuntsaye.

Bayan mako uku rahoto ya zo. An killace ruwan da kusurwar gauraki, an ba sauran wurin damina biyu ya farfaɗo. Yankin da aka kafa rumfa kuwa an miƙa wa masu bulo, domin babu shaidar wani abu mai rai ya taɓa zama a kai. Kawu kuwa ya koma yana dasa saiwar ciyawa inda aka ƙone.

Garkuwa bai karanta wannan shafin ba. Yatsa ya bi da shi yana neman inda aka ambace shi, ya kuwa samu a shafi na shida, cikin jerin abubuwan da ke barazana ga gauraki: na ɗaya wutar daji, na biyu karnukan unguwa, na uku shugaban ƙungiya.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. A ranar ya aika wa hukuma wasiƙa mai zafi, yana neman a gaya masa a wane tsari ake sa mutum irinsa a bayan karnuka.

Hukuma ta duba ƙorafin, ta ga yana da gaskiya. A sabon bugu aka mayar da shi na ɗaya.