Rasuwar Ƙararrawa Mai Rufin Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Bahijja, 'yar gidan Malam Muhammad Sani mai albasa a Bodinga, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tsohuwar ƙararrawar gidansu, wadda ta cika ranar Talatar makon jiya bayan doguwar jinya.

Marigayiyar mai waya ce. Maɓallinta yana jikin ƙofar zaure, wayarta ta bi katanga, ta ratsa saman madafa, ta ƙare daidai tagar ɗakin Bahijja. Ba ta da ɗaga murya. Iyakarta "ƙirr", can ƙasa-ƙasa kamar gyare, in ba kana gindin tagar ba sai ka rantse ba ta yi magana ba. Mutanen gida sun sha zaginta a kan haka. Bahijja kuwa ba ta taɓa ganin laifinta ba, domin duk Alhamis bayan la'asar akwai wani tela, Zainulabidin, da yakan taso daga Shagari a kan babur, ya kashe shi tun daga nesa, ya turo shi da hannu, ya taɓa maɓallin a hankali. Shi mai kunya, ita ta fi shi. Marigayiya ce kaɗai ta san tsakaninsu, kuma har ta koma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da damina. Igiyar shanya ta tsinke, Inna Kaltume ta ga waya a miƙe ba ta aikin komai, sai ta riƙa rataya mata jiƙaƙƙun zannuwa. Da kaka ta zo aka ƙara mata da kuɓewa. Akuya ta miƙe tsaye neman kuɓewar, ta haɗa da wayar ta tauna. Tun daga nan muryar ta dishe, "ƙirr" ya koma "ƙ", wata rana ma shiru. Bahijja ta yi jinya iya ƙoƙarinta, ta naɗe ciwon da leda, ta ɗaure da zare. Ranar Talata yayanta Attahiru ya duba, ya girgiza kai, ya sa filaya ya datse wayar.

Kafin gawa ta huce ya kawo magajiya daga kasuwa. Ita ba ta da waya. Maɓalli a ƙofa, bakin kuma ɗan akwati ne mai batir da ake ɗauka a je da shi ko'ina, ga kiɗa kamar na gidan biki. Baba ya yi murna, ya ce masu sayen albasa sun daina zuwa su koma ba a ji su ba. Ya jefa akwatin a aljihu ya tafi majalisarsu, gindin dogon yaron da ke bayan katanga. Bahijja ba ta da bakin da za ta ce a bar mata shi a ɗaki.

Ranar Alhamis kiɗa ya tashi a tsakiyar dattawa.

"Malam Sani, aljihunka ya yi baƙo," in ji Malam Musa, abokin Baba.

Suka zagayo su duka, a zatonsu ciniki ya zo. Suka iske saurayi yana ƙamshin turare, yatsansa bai ma bar maɓallin ba.

"Samari, buhu nawa kaka so?" in ji Baba.

Zainulabidin ya durƙusa har ƙasa. "Ruwa nika so, Baba."

"Tun daga ina?"

"Daga Shagari."

"Lalle ƙishin ya yi ƙishi," in ji Malam Musa.

Baba ya ƙwala wa Bahijja kira ta kawo wa baƙo ruwa. Ta fito da kwanon sha, rabinsa ya zube a hanya. Bawan Allah ya shanye sauran a gaban dattawa, ya yi godiya, ya hau babur, sai da ya yi ta bugawa kafin ya tashi. Alhamis ta sake zagayowa bai zo ba. Yanzu ko mai tallan ƙosai ce ta danna, sai Inna ta ce, "Bahijja, tashi ki kai ma mai ƙishi ruwa."

Marigayiya ta bar ƙusoshi a katanga, da guntun waya da har yanzu ake shanya a kai, da akuyar da ba ta nuna nadama ba. Ta kuma bar Bahijja, wadda ba ta ƙara leƙa zaure ba, ko gaida Baba sai ta bayan labule.

An yafe wa Inna. An yafe wa Attahiru, da niyyar alheri ya yi. Maganar akuya tana nan tukuna.

Za a binne marigayiya ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a gindin zogalen bayan madafa, cikin gwangwanin madara. Ba a buƙatar taro, dattawan majalisa an ɗauke musu zuwa. Za a karɓi gaisuwa a zaure. In akwai mai tasowa daga wajen Shagari, don Allah kada ya taɓa komai a jikin ƙofa. Ya yi gyaran murya kawai. Mai karɓar gaisuwar za ta kasance tsaye a bayan ƙyaure tun azahar.