Yadda Za Ka Ɗauki Hoton 'Yar Wani a Ranar 'Yarka

Kai mai sabuwar kyamara, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka je taron da ya fi kowanne girma a rayuwar 'yarka, ka dawo da hotunan da ba a taɓa ganin masu kyansu a gidanku ba, kuma ba za a sami 'yarka a cikin ko ɗaya ba.

Hanyar gwadaddiya ce. Ba a littafi na karanta ba, a kan ƙanina na gani, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai hankali a komai in ban da abin da yake ratayawa a wuya. Yana da 'ya da ta yi karatun jinya, muna ce mata Nas tun ba ta iya ɗaure bandeji ba. Abu ɗaya ta roƙe shi: hotonta tana karɓar takardar kammalawa, ta bar wa mahaifiyarta a bangon falo kafin ta tafi garin da aka tura ta aiki. Ga yadda ya yi. Kai ma haka za ka yi.

Mataki na ɗaya: Nemi majalisa

Kyamara ita kaɗai ba ta lalata mutum, sai da abokai. Nemi shagon da ake sayar da batir da caja da memori, wanda ke da benci a ciki. Duk Asabar da yamma za ka tarar da su zaune, magidanta masu furfura, kowa da jakarsa a kan cinya kamar mai goyon jinjiri. Gaishe su ka zauna.

Mutum biyu za ka riƙe. Na farko Injiniya, wanda bai taɓa gyara komai ba, amma ya san dalilin lalacewar komai. Na biyu Ƙafa Uku, wanda ba ya ɗaukar hoto sai ya kafa kyamara a kan sandunan nan uku, kuma kafin ya gama kafawa abin da zai ɗauka ya tashi ya tafi.

Kada ka tambayi kowa hoton da ya ɗauka. Rashin ladabi ne. A majalisa ana maganar kyamara ne, ba a maganar hoto. Za ka ji ana gardama kan wadda ta fi megafiksal, da wadda ke gani cikin duhu, da buroshin da ya dace a share gilashin kyamara da shi. Ka gyaɗa kai. In an juyo gare ka, ka ce, "Ai ya danganta da haske." Wannan amsa ba ta taɓa kunyata kowa ba.

Mataki na biyu: Sayi dogon gilashi

Gilashin da ya zo da kyamararka lafiyarsa lau, shi ya sa dole ka raina shi. Ka sayi dogon nan da suke kira zum, mai tsawon damtsen mutum, wanda ke janyo abin nesa ya kawo maka kusa. Ƙafa Uku zai ɗaga shi, ya auna nauyinsa da hannu, ya ce, "Da wannan, daga nan za ka ƙirga gashin giran mai gadin banki."

Kada ka tambayi kanka me za ka yi da gashin giran mai gadi. Masana sun ce mai tambaya irin wannan ba ya nisa a sana'a.

Mataki na uku: Toshe duk wata ƙofa

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Mutane da yawa sun yi shirme a ranar taro, amma wani ya cece su da hoton waya. Kai kada ka bar wannan kafar.

Ranar yaye ɗalibai, a bakin zauren taro, za ka ga mai hoton da makaranta ta ɗauko yana rubuta sunan masu so. Matarka za ta ce, "Baban Nas, ko mu ma a sa sunanmu, saboda tsaro?"

Ka dubi kyamarar mutumin, ka dubi taka, ka yi murmushin tausayi. Ka ce, "Wannan tsohuwar? Ai sai ya mai da mini yarinya kamar hoton katin asibiti."

In kun shiga ta ciro wayarta, ka dafa hannunta. "Maman Nas, mayar da wannan jaka, don Allah. Ki zauna ki kalli 'yarki da idonki. Hoto aikina ne." Za ta ji daɗin maganar, domin rabinta gaskiya ce. Irin wannan maganar ita ta fi yin ɓarna.

Sannan ka bar ta a kujerun iyaye, ka haura can ƙarshen zaure, bayan kowa, kusa da fankar da ba ta aiki. Mai dogon gilashi ba ya zama kusa. Me ya saya in zai zauna kusa?

Mataki na huɗu: Dubi tuntu, kada ka dubi fuska

Yanzu ga su sun jeru, 'yan mata iri ɗaya, baƙar riga har ƙasa, hula mai kusurwa huɗu da tuntu yana lilo. Lasifika na shaƙewa, sunaye na fita rabi-rabi. Ka zaɓi wadda tsawonta da tafiyarta suka yi kama da na 'yarka, ka kafa mata gilashi, ka danna ba ƙaƙƙautawa tun daga matakala har ta karɓi takarda.

Da ta sauka, ka sunkuyar da kai kan allon bayan kyamara. Ka buɗe hoton, ka yi ta janyo shi har sai tuntun hular ya cika allon. Za ka ga zare ɗaya-ɗaya, tar, ba hazo ko kaɗan. Ka taɓa na kusa da kai ka nuna masa. In shi ma mai kyamara ne, faɗuwa ta zo daidai da zama, ku yi ta yabon gilashi.

A daidai lokacin za ka ji muryar matarka can gaba ta fi ta kowa tashi cikin tafi. Kada ka ɗago. Ka ce a ranka, mata dai, sai an gama abu suke murna.

Mataki na biyar: Ka ce ɗanye ne

Washegari za ka zuba hotunan a kwamfuta, ka ga fuskar a babban allo. Yarinya kyakkyawa, mai wushirya. 'Yarka ba ta da wushirya.

Ka rufe kwamfutar a hankali. Ka sha ruwa.

Ga inda ilimin majalisa zai yi maka rana. Manyan kyamarori suna da wata hanyar ajiye hoto wadda waya ba ta iya buɗewa, sai an bi ta kansa da kwamfuta an daidaita haske da launi. Masu abin suna kiran irin wannan hoto ɗanye. Riƙe kalmar nan da hannu biyu.

"Baban Nas, ina hotunan?"

"Ɗanyu ne tukuna."

"Ɗanyu kamar yaya?"

"Sai an sarrafa su. An dafa su, in kin fi gane haka."

"Ikon Allah. Mu da muka sani wanke hoto ake yi, yanzu kuma dafawa ake? To kawo in ɗora maka, gas ɗina ya fi kwamfutarka sauri."

Ka yi dariya tare da ita. Dariya tana sayen kwana biyu. In ta sake tambaya, ka ce wuta ba ta tsayawa. In ta kuma, ka ce manhajar na neman sabuntawa. Za ta sayo firam mai ruwan zinariya, ta sa a buga ƙusa a bango sama da talabijin, ta rataye shi haka nan da hoton furen da ya zo da shi daga kanti. Duk baƙon da ya shigo za ta ce masa, "Na Nas ne, yana kan wuta." Ka koyi cin abinci kana fuskantar taga.

Mataki na shida: Kai ƙara majalisa

Ranar Asabar ka je ka faɗa musu gaskiya, su kaɗai. Kada ka ji tsoro, ba wanda zai ce laifinka ne. A tarihin majalisa ba a taɓa samun mai kyamara da laifi ba.

Injiniya zai karɓi kyamarar, ya leƙa cikinta, ya hura. "Na'urar saiti ce. Wannan samfurin an san shi da haka. Shi yake zaɓar fuskar da ya ga dama."

"A'a," in ji Ƙafa Uku. "A hannu ya riƙe. Na sha faɗa. Da ya kafa ƙafa uku, da ba ta motsa ba."

Ka ce, "Ai ba motsi ta yi ba, wata yarinyar ta ɗauko."

"To da ta ɗauko ta a tsaye cak."

Mai shago zai ce akwai wani sabon memori mai sauri da ya shigo. Ka saya. Wani zai kawo shawarar a ciro kan 'yarka daga tsohon hoto a ɗora a wuyan waccan. Ka gwada. Hoton da za ka samu na 'yarka a kwamfutarka shi ne na tana aji uku, domin tun da ka sayi kyamararka ta farko tsuntsaye da faɗuwar rana kake ɗauka. Za ka sami nas mai jikin babba da kan yarinya 'yar firamare. Ka goge kafin wani ya gani.

Kafin a tashi Injiniya zai sake duban hoton ya girgiza kai. "Amma fa, tsakani da Allah, dubi tuntun nan. Gilashin nan ya biya kuɗinsa." Ka ji sanyi a ranka. Don wannan sanyin ake zuwa majalisa.

Mataki na bakwai: Guji yayanka

In kana da wa mai faɗar magana yadda take, kada ka bari ya ritsa ka. Nawa ƙanin ya yi sake na ritsa shi a bakin mota. Ya ce, "Yaya, matsala ce ta fasaha." Na ce masa ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma na san mutumin da bai gane 'yarsa ba, ba fasaha ce ke damunsa ba. Na ce ya je ya faɗa mata. Ya ce sai ya gama nazari.

Kai ma ka ce sai ka gama nazari.

Mataki na takwas: Ranar da za a ɗaga murfi

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma naka iyakarsa ranar tafiyarta. Da hantsi za ka ga akwatuna a bakin ƙofa. Ina nan a falon ranar, na zo sallama, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Za ta zo ta durƙusa gefen kujerarka. "Baba, nuna mini ko ɗanyen ne. Aikin jinya na karanta, ba abin da ban gani ɗanye ba."

Ka duba hagu, ka duba dama. Ba wuta za ka ce ba, ga fanka na juyawa. Ka buɗe kwamfutar.

Za ta daɗe tana kallo. Mahaifiyarta za ta leƙo ta bayanta, ta zauna a hannun kujera.

"Ta yi kyau," in ji Nas. "'Yar ajinmu ce. Ita ce a gabana a layi."

Ka fara bayanin na'urar saiti. Ba za ta katse ka ba, an yi mata tarbiyya. Sai ka kai aya za ta ce, "Na hango ka ai, Baba, can baya wajen fanka. Da na karɓi takardar na ɗan tsaya, har shugabar makaranta ta taɓa ni in wuce. Jira nake ka ɗago kai."

A nan ba ni da umarnin da zan ba ka. Majalisa ba ta tanadi amsar wannan ba.

Rigar yaye ta haya ce, an mayar tuni. Za ta shiga ɗaki ta fito cikin fararen kayan aikinta, ta tsaya tsakiyar falo ta ce, "To ɗauke ni haka." Ka ɗaga kyamara. Kyamarar za ta yi ƙugi ta ƙi dannuwa, domin dogon gilashi ba ya ganin abin da ke kusa da shi. Ka ja baya har ka bugi bango. Ka fita tsakar gida. Ka fita ƙofar gida, ka ce ta biyo ka ta tsaya a bakin ƙofa. Ka tsallaka titi da baya, masu babur na yi maka hon, har ka jingina da shagon tela.

Ƙanina ya kai can ya ɗaga kyamara, sai kuma ya sauke ta. Ya tsaya yana kallon yarinyar daga tsallaken titi, hannunsa a sake.

Matarsa ta ɗaga murya. "Baban Nas, direba na jira. Ka ɗauka ko kuwa?"

Ya ce, "Bari in gan ta tukuna."

Sanarwa

Ni dai na faɗi abin da na gani. Duk wanda ya bi matakan nan ya sami sakamakon da na alkawarta, kada ya zo ƙofata, kada ya turo matarsa, kada ya ce Baffan Nas ne ya koya masa. Ba ni na sayar maka da gilashi ba, ba ni na aika ka ƙarshen zaure ba. In kana da ƙorafi, kai shi majalisa ranar Asabar. Sun ce ba abin da ba a gyarawa a kwamfuta. Ka tambaye su wane maɓalli ake dannawa yarinya ta sake hawa matakalar nan ta tsaya jiran ubanta.