Yadda Za Ka Zille Wa Ba Surukinka Jini, Girmanka Bai Zube Ba

Za a yi wa surukinka tiyata, likita ya ce sai an tanadi jini. Matarka ta zuba maka ido, kai kuwa ko a hoto ka ga allura sai ka nemi hanyar gudu. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ɗigo ba zai bar jikinka ba.

1. Riga kowa miƙewa

Naɗe hannun riga, ka daki ƙirji a gaban dangi: "A kwashe duka, Baba ne fa!" Ba a cika zargin mai ihu da tsoro ba.

2. Rame nan take

Ba a ɗibar jinin marar nauyi. Shanye tumbi kafin ka hau sikeli. Sai dai sikelin asibiti ba shi da kara. In nas ta leƙa ta ce, "Malam, kai ai ka yi mutum biyu," yi dariya ka wuce.

3. Nemo ciwo

Ana ɗaga wa mai zazzaɓi ƙafa, haka wanda jininsa ya yi ƙasa. Marairaice ka ce, "Tun jiya jikina ba daɗi." Amma ka tabbata matarka ba ta kusa, don cewa za ta yi, "Kai da ka share tukunya ɗazu?" Kada ka ce kana shayarwa. Wannan uzurinta ne, ba ya aruwa.

4. Dogara ga rukunin jini

Nan ne asirin yake. Za a ɗan tsikari yatsanka, daure, kada ka kira sunan innarka. In Allah ya so ka, kai A ne, Baba B. Jinin A ba ya shiga jikin B, sai na B ɗan'uwansa ko na O. Dafe kai ka ce, "Kaico, na so a ce ni ne!" Murna a ciki, fuska a murtuke.

5. In nas ta yi murmushi

To, an zo wurin. Za ta ce, "Ba komai, akwai B a firij. Mu ba Baba wancan, mu ajiye wa wani naka. Kwanta nan." Wannan musayar, wallahi ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, amma ba masoyinmu ba ne.

Dubi ƙofa. Matarka ce tsaye, goyo a baya, ido ya yi ja, tana cewa, "Abban yara, don Allah." Kwanta kawai. Kalli silin, matsa ƙwallon robar da za a damƙa maka. Kafin ka gama salati ledar jini ta cika, an miƙo maka lemo.

A kula

Ni guduwa na koyar, kwanciya kai ka zaɓa. In Baba ya farfaɗo, tsohon da kullum "mijin wance" yake kiranka, ya lalubo hannunka mai filasta ya ce, "Sannu, ɗana," har hawaye suka kunyata ka a gaban surukai, ba ruwana. Kada wanda ya neme ni.